Yadda Ƙofar Fagen Tseren Motoci Ta Buɗe wa Sabon Hannu

Al'adar da ta zama ruwan dare a Turai da Amurka a yau, wato mutumin da bai taɓa shiga gasa ba ya biya kuɗi, ya sa hular kwano, ya kama sitiyarin motar gudu ya kewaya fagen da gwanaye suke fafatawa a kansa, ta haura shekara ɗari da somawa, kuma tarihinta a sarƙe yake da tarihin fagagen tseren kansu. Abin da ake nufi da motar gudu a nan shi ne mota mai ƙarfin inji da rashin nauyi, wadda jikinta yake dab da ƙasa, galibi mai kujeru biyu, wadda kuma doka ta yarda ta hau titin kowa da kowa da lambarta da fitilunta, saɓanin motar tsere zalla wadda ba ta fitowa sai ranar gasa ko ranar gwaji. Fagen tsere kuwa hanya ce da aka killace, wadda ƙarshenta yake komawa mafarinta, duk motocin da ke kanta suna fuskantar gefe guda, babu mai zuwa daga gaba, babu mai tsallakawa a ƙafa. Abubuwa biyu ne suka haɗu suka gina wannan al'ada, wato izinin shiga da kuma samun wanda zai koya wa mai shigar abin da zai yi, kuma ba lokaci guda suka zo ba, domin ƙofa ta buɗe kusan shekara hamsin kafin malami ya bayyana.

Tseren motoci na farko-farko a kan hanyoyin jama'a aka yi su, daga wannan birni zuwa wancan, musamman a Faransa. Wannan salo ya gamu da cikas a watan Mayun 1903, lokacin da aka shirya tsere daga Faris zuwa Madrid, motoci suka riƙa keta ƙauyuka cikin ƙura da cincirindon 'yan kallo, har mutane da dama suka rasa rayukansu, cikinsu da Marcel Renault, ɗaya daga cikin 'yan'uwan da suka kafa kamfanin Renault. Gwamnatin Faransa ta dakatar da tseren a Bordeaux tun ba a kai iyakar Sifaniya ba. A Birtaniya kuwa matsalar daban ce, domin dokar motoci ta 1903 ta ƙayyade gudu a mil 20 cikin sa'a, kimanin kilomita 32 ke nan, saboda haka masu ƙera motoci a ƙasar ba su da inda za su gwada ƙarfin abin da suka ƙera, alhali takwarorinsu na Faransa da Italiya da Jamus suna yi musu nisa. Daga waɗannan dalilai biyu, tsoron kisan 'yan kallo da takurar doka, aka sami tunanin a keɓe wa gudu wuri na kansa, a kewaye shi, a sa masa ƙofa da mai gadi.

Wanda ya fara aiwatar da wannan tunani shi ne Hugh Locke King, wani attajiri mai filaye a kusa da Weybridge a yankin Surrey, wanda ya kashe dukiyarsa ya gina Brooklands, aka buɗe shi a watan Yunin 1907. Tsawonsa kimanin kilomita 4.4 ne, an malala shi da kankare, an kuma ɗaga gefen manyan kwanoninsa biyu har kusan mita 9 domin mota ta sha kwana ba tare da ta rage gudu sosai ba. Da yake babu wani abin koyi a gabansu, masu tafiyar da wurin sun aro tsarinsu kusan gaba ɗaya daga sukuwar dawaki: direbobi suna sa riguna masu launi irin na mahaya domin a bambance su, ana ba marar ƙarfi rata kafin mai ƙarfi ya tashi, masu caca suna da rumfunansu, har sunan da ake kiran wurin ajiye motocin tsere da shi a Turanci zuwa yau sunan killataccen filin dawaki ne. A ranakun da babu gasa mai mota yana iya biya ya gwada motarsa, ƙungiyoyin masu motoci kuma sukan shirya wa 'ya'yansu ranaku na musamman. Sai dai a zamanin da mota kanta kayan masu hannu da shuni ce, ƙofar Brooklands ƙofar manya ce, kuma masu wurin ba su ɓoye ba, domin taken da suke tallata shi da shi yana alfahari ne da cewa mutanen da suka dace ne kawai suke zuwa, ba a cunkoso. Yaƙin Duniya na Biyu ya rufe fagen a 1939, bai sake karɓar tsere ba.

Wurin da ya buɗe ƙofa ga kowa tun ranar farko yana Jamus ne, a tsaunukan Eifel da ke yammacin ƙasar, yankin da talauci da sanyi suka sa ake yi masa laƙabi da Siberiyar Prussia. Tun 1922 ake yin tsere a hanyoyin karkarar yankin, da irin haɗarin da aka sani, har shugaban gundumar Adenau, Otto Creutz, ya tsaya kai da fata a kan a gina fage na dindindin a kewayen tsohuwar ganuwar Nürburg. Hujjar da ya shawo kan hukumomi da ita hujjar ci da sha ce, wato aikin ginin zai ɗauki marasa aikin yi, fagen kuma zai jawo baƙi da kamfanonin motoci zuwa yankin da ba shi da masana'anta. An fara aiki a 1925 bisa zanen Gustav Eichler, leburori fiye da 2,000 suka sare daji suka fasa duwatsu, aka buɗe Nürburgring ranar 18 ga Yunin 1927, washegari kuma Rudolf Caracciola ya lashe tseren motoci na farko da Mercedes. Tsawon hanyar gaba ɗaya ya ɗan haura kilomita 28, babban sashenta kuma, wanda ake kira Nordschleife, ma'ana zagayen arewa, ya kai kilomita 22.8.

Tun da an gina wurin ne domin ya ciyar da yanki, barin sa a rufe tsakanin wannan gasa da waccan asara ce, saboda haka tun a 1927 aka riƙa buɗe shi da maraice da ƙarshen mako ga duk mai mota ko babur da zai biya kuɗin shiga. Jamusawa suna kiran wannan Touristenfahrten, wato tuƙin maziyarta, kuma matsayinsa a doka shi ne abin da ya bambanta shi da duk wani fage: a lokacin tuƙin maziyarta ana ɗaukar hanyar a matsayin titin biyan kuɗi mai bin gefe guda, dokokin hanya na Jamus suna aiki a kanta, kuma babban abin da ake nema ga mai shiga shi ne lasin tuƙi da motar da ke da cikakkun takardu. Wannan shi ne asalin abin da har yau yake ba baƙo mamaki, inda ake ganin Porsche da ƙaramar motar iyali da tsohuwar motar ɗalibi sun jeru a bakin shinge guda suna jiran a ɗaga musu. Ƙaramar hukuma mai neman kuɗin shiga ce ta kafa wannan daidaito, ba wani mai rajin kare haƙƙin talaka ba, amma amfaninsa ya kai ga talakan, kuma ya daɗe fiye da duk gwamnatocin da suka mulki yankin tun daga lokacin.

Abin lura shi ne cewa wurin da ya fi kowane sauƙin shiga shi ne kuma ya fi kowane wuyar koyo. Nordschleife bin ƙirar ƙasa ya yi, yana hawa yana sauka, tsakanin wuri mafi tudu da mafi kwari akwai kimanin mita 300, kwanoninsa a ƙidayar hukuma 73 ne, kuma da yawa daga cikinsu makafi ne, wato direba ba ya ganin mafitarsu sai ya riga ya shiga. Saboda tsawonsa, ruwan sama yana iya sauka a wani sashe alhali wani sashen a bushe yake ƙayau. Sunayen wuraren ma suna ba da labarinsu. Akwai Flugplatz, ma'ana filin jirgi, inda tudu yake sa mota mai gudu ta yi sauƙi har tayoyinta su rabu da kwalta. Akwai Fuchsröhre, ramin yanyawa, gangara mai tsanani da take danna direba cikin kujerarsa idan ya kai ƙasanta. Akwai Karussell, kwana mai kama da kwano da aka shimfiɗa wa kankare, wadda mota take faɗawa cikinta tana karkarwa. Wurin da ya fi kama sabon hannu kuwa shi ne Adenauer Forst, domin yana zuwa ne nan da nan bayan gangarar Fuchsröhre, a lokacin da gudu ya riga ya shiga jikin direba, sai hanya ta murɗe hagu ta komo dama a bayan wani ɗan tudu. Shekara da shekaru 'yan kallo sukan taru a wannan wuri musamman domin sun san a nan baƙo yake zarcewa cikin ciyawa.

Daga 1907 har zuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya shiga fage karon farko ba shi da malami sai idonsa da kuskurensa. Yaƙin ya bar wa Birtaniya ɗimbin filayen jiragen soja da ba a bukatarsu, masu sha'awar tsere suka mayar da hanyoyin da suka kewaye su fagage cikin araha: Silverstone da Goodwood a 1948, Snetterton a farkon shekarun 1950, da wasu da dama. A waɗannan shekarun ne kuma ƙananan motocin gudu irin su MG da Triumph da Austin-Healey suka sauko inda ma'aikaci mai albashi zai iya saye, sai masu son gwadawa suka yawaita fiye da masu sanin yadda ake yi. Bala'in Le Mans na ranar 11 ga Yunin 1955, inda mota ta tashi ta faɗa cikin 'yan kallo mutum fiye da 80 suka mutu, ya girgiza harkar baki ɗaya, har Suwizalan ta haramta tseren kewaye a ƙasarta, sauran ƙasashe kuma suka fara duba batun tsaro da idon basira.

A rabi na biyu na shekarun 1950 ne Jim Russell, mai gareji a Norfolk wanda ya lashe kambin ƙananan motocin tsere na Formula 3 a Birtaniya sau uku a jere daga 1955 zuwa 1957, ya buɗe makarantar koyon tsere a Snetterton, wadda ake ɗauka a matsayin ta farko irinta. Muhimmancin abin da ya yi yana cikin tunanin da ke ƙarƙashinsa, wato cewa gudu a fage sana'a ce da ake rarraba ta darasi-darasi a koyar, alhali kafin nan ana ganin baiwa ce da ƙarfin hali, wanda aka haifa da su ya yi, wanda ba a haifa da su ba ya haƙura. A makarantarsa ɗalibi ba ya bukatar mallakar mota, ana ba shi ta makaranta, a ƙayyade masa iyakar juyin inji da ba zai wuce ba, malamai su tsaya a bakin kwanoni suna rubuta kurakuransa, sai ya nuna natsuwa kafin a ƙara masa. Emerson Fittipaldi na Barazil, wanda ya zama zakaran duniya a 1972, ta hannun Russell ya bi a 1969. Tunanin ya bazu cikin sauri. A Nürburgring ƙungiyar Scuderia Hanseat ta fara kwas ɗinta a 1958, inda ake raba hanyar gunduwa-gunduwa, ɗalibai su maimaita kowane sashe har ya zauna musu. A Faransa makarantar Winfield ta haɗa karatu da gasa, wanda ya fi kowa a ƙarshen shekara a ɗauki nauyin tserensa, kuma ta nan François Cevert ya fito a 1966, Alain Prost kuma a 1975. A Amurka Bob Bondurant, wanda mummunan haɗari a Watkins Glen ya raba shi da tsere a 1967, ya buɗe tasa a Kalifoniya a 1968, Skip Barber ya biyo baya a 1975.

Waɗannan makarantu masu burin zama 'yan tsere suka fara yi wa hidima. Sauyin da ya shafi mutum gama-gari ya zo ne lokacin da kamfanonin ƙera motoci suka lura cewa suna sayar wa jama'a motocin da suka fi ƙarfin hannunsu, Porsche ya kafa makarantar tuƙinsa a 1974, BMW kuma a 1977 ƙarƙashin jagorancin Rauno Aaltonen, gwanin tseren daji ɗan ƙasar Finland. Daga nan ɗalibi ya tashi daga saurayi mai neman suna ya koma likita ko ɗan kasuwa ko malamar makaranta da suke son sanin iyakar motarsu a wurin da babu mai zuwa daga gaba.

Abin da ake koya wa sabon hannu a ranarsa ta farko bai sauya sosai ba tun zamanin Russell, kuma kusan dukkansa ya saɓa wa abin da ya zo da shi a ransa, domin yakan zo da zaton za a koya masa taka totur, sai ya tarar darasin farko na zama ne da na kallo. Ana matso da kujera har gwiwar hannu ta lanƙwasa, hannaye biyu su riƙe sitiyari dama da hagu ba sa sakinsa, sannan a umarce shi ya ɗaga idonsa daga hancin mota ya kai shi can inda yake son zuwa. Dalilin wannan lissafi ne mai sauƙi: motar da ke gudun kilomita 200 cikin sa'a tana cin kimanin mita 55 a kowace daƙiƙa, saboda haka abin da ke kusa da ita ya riga ya wuce, babu sauran shawara a kansa. Akwai kuma wata ɗabi'a ta ɗan Adam da malamai suke yaƙi da ita, wato hannu yana bin ido, wanda ya tsorata ya ƙura wa shinge ido shingen zai nufa, ko da kuwa akwai sarari a gefensa.

Darasi na biyu shi ne layin tsere, wato hanyar da mota take bi a cikin kwana domin ta rage tsananin lanƙwasarta: a tunkaro daga gefen waje, a gangaro a shafi gefen ciki a wani wuri da za a iya kira cibiyar kwana, sannan a bar mota ta buɗe zuwa gefen waje a mafita. Makarantu sukan dasa 'yan alamomin roba a wurare uku, inda za a taka birki, inda za a karya sitiyari, da cibiyar, kuma sau da yawa malami yakan shiga gaba da motarsa ɗalibai su bi sawunsa a jere kamar 'yan tsaki. Kuskuren da kusan kowane sabon hannu yake yi shi ne karya sitiyari da wuri saboda ɗokin ganin kwana, wanda yake sa hanya ta ƙare masa a mafita. Daga nan sai batun birki, wanda shi ne ya fi ba baƙo mamaki, domin a titi an saba taka shi a hankali sannan a ƙara, a fage kuwa ana taka shi da ƙarfi tun farko, mota tana miƙe, sannan a sassauta yayin da ake shiga kwana. Duk abin da mota take yi, tsayawa da juyawa da tashi, ta wurin da tayoyi huɗu suka taɓa kwalta take yin sa, kowanne bai fi tafin hannu ba, kuma riƙon da ke wurin yana da iyaka, idan birki ya cinye shi babu abin da ya rage wa sitiyari. Idan aka wuce iyakar a tayoyin gaba, mota takan ƙi bin sitiyari ta zarce. Idan a na baya ne, gindinta yakan zame ya nemi ya riga kanta. Ga kuma ƙa'idar da ba ta da sassauci, cewa idan gudu ya ninka biyu, nisan da mota take bukata kafin ta tsaya yakan ninka huɗu, zafin da birki yake sha ma haka, har man birki ya tafasa, feda ya yi laushi ya nutse. Kafin a bar shi ya fita sai ya haddace harshen tutoci, rawaya tana nufin haɗari a gaba kada a wuce kowa, ja tana nufin an dakatar da komai, shuɗiya kuma tana gaya masa wanda ya fi shi gudu yana bayansa.

A daidai lokacin da ake gina wannan ilimi, gwanayen da kansu suka fara juya wa Nordschleife baya. Jackie Stewart, wanda ya yi nasara a can a 1968 cikin ruwa da hazo da ratar fiye da minti huɗu, shi ne ya raɗa masa sunan Koriyar Jahannama, kuma yana cikin waɗanda suka jagoranci ƙauracewar direbobin Formula 1 a 1970, abin da ya tilasta aka kafa shingayen ƙarfe aka daddale wasu tuddai kafin su dawo a 1971. Ranar 1 ga Agustan 1976 motar Niki Lauda ta bugi gefe kusa da Bergwerk ta kama da wuta, kuma 'yan'uwansa direbobi huɗu ne suka tsaya suka ciro shi, domin hanya mai tsawon kilomita 22.8 ta fi ƙarfin a wadata ta da masu kashe gobara da likitoci. Formula 1 ba ta sake komawa zagayen arewa ba, an gina mata sabon fage gajere a gefensa wanda aka buɗe a 1984, tsohon kuma aka rage shi zuwa kilomita 20.8. Wannan shi ne wuri mafi nauyi a tarihin al'adar baki ɗaya, domin hanyar da zakarun duniya suka ce ta yi musu haɗari ba a rufe ta ga mai lasin tuƙi na yau da kullum ba, hasali ma tafiyar manya ta ƙara mata kwarjini a idon masu zuwa.

Motocin ma sun sauya ta hanyar da take da amfani da illa a tare. Na'urar hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi, ABS, ta fito a motocin Mercedes a 1978, na'urar daidaita mota idan ta fara zamewa, ESP, ta biyo baya a 1995, kuma babu shakka sun ceci rayuka masu yawa. Sai dai a fage suna gyara kuskuren sabon hannu a asirce, yana murɗa sitiyari da garaje kwamfuta tana rufa masa asiri, har ya ɗauka gwaninta ce tasa, ya ƙara wuta, sai ranar da ya kai inda na'urar ba ta da abin yi, a lokacin kuma gudun ya yi yawa. Wannan ne ya sa masu ba da hayar motoci a ƙauyukan da ke kewaye da Nürburg sukan ba baƙo shawarar ya fara da ƙaramar mota marar ƙarfi sosai wadda aka sa wa ƙarfen kariya a ciki, shawarar da ta fi ta mai cewa a fara da babba hikima nesa ba kusa ba.

Dokokin tuƙin maziyarta na yau suna nuna darussan da aka koya da tsada. An haramta wuce mota ta hannun dama, an haramta tsayawa a hanya sai dole, an kuma haramta auna lokaci, domin agogo yana mayar da yawon buɗe ido gasa. Duk wanda ya yi haɗari shi ne zai biya kuɗin shingen da ya lalata, da motar da ta janye shi, da lokacin da aka rufe hanya saboda shi, kuma kamfanonin inshora da na hayar motoci da yawa sun rubuta ƙarara a takardunsu cewa ba su da hannu a abin da ya faru a Nordschleife. Tazarar da ke tsakanin gwani da baƙo a wannan hanya ta wuce misali: Stefan Bellof ya kewaye ta cikin minti 6 da daƙiƙa 11 a 1983, Timo Bernhard ya sauko da lokacin zuwa minti 5 da daƙiƙa 19 a 2018, dukkansu da motocin tsere na Porsche a hanyar da aka rufe wa jama'a, alhali sabon hannu mai hankali yakan ci ninki biyu na wannan ko fiye.

Wata hanyar gabatar da baƙo ga fage, wadda tarihi bai ba ta haƙƙinta ba, ita ce kujerar fasinja. Sunan da ya fi fice a nan shi ne Sabine Schmitz, wadda aka haifa a Adenau a 1969 ta tashi a gidan masu otal a Nürburg, ta zama mace ta farko da ta lashe tseren sa'a 24 na Nürburgring a 1996, ta sake lashewa a 1997. Shekaru masu yawa tana tuƙa tasi ta musamman, BMW M5, tana kewayawa da baƙi, kuma bisa ƙiyasinta ta zagaya hanyar fiye da sau 20,000. Wanda ya zauna kusa da irinta yakan ga da idonsa cewa hannun gwani a natse yake, ba ya fizga, ba ya gaggawa, abin da bayani na sa'a guda a ɗakin karatu ba zai cusa masa ba. Ta rasu a watan Maris na 2021, a wannan shekarar kuma aka sa wa kwanar farko ta zagayen arewa sunanta.

Wasannin kwamfuta sun kawo nasu sauyin tun daga 2004, lokacin da Gran Turismo 4 ya fito da Nordschleife kwana bayan kwana, sai aka fara samun baƙin da suka haddace hanya tun ba su taka Jamus ba. Cewa wannan ilimi yana da tushe ya tabbata a 2008, da kamfanonin Nissan da Sony suka zaɓi gwanin wasan, Lucas Ordóñez ɗan Sifaniya, suka horar da shi har ya zo na biyu a ajinsa a Le Mans a 2011. Amma horon da ya samu a tsakani, na watanni a hannun malamai, shi ne abin da masu koyi da shi suke mantawa, kuma allo ba ya nuna wa mutum tsananin gangara, ko santsin kwalta mai laima, ko yadda tsoro yake daskarar da ƙafa. A gefe guda kuma kasuwa ta fito da takardar kyauta da ake saya wa miji ko uba ranar haihuwarsa, ya je wani tsohon filin jirgi ya yi zagaye uku ko huɗu a Ferrari ko Lamborghini. Ɗanɗano ne kawai, ba ya mayar da kowa direba, amma yana da wata falala da tuƙin maziyarta ba shi da ita, wato malami yana zaune a gefe yana cewa ga inda za a taka birki.

Ƙofar da aka buɗe a 1927 ta kusa shiga haɗari a 2012, lokacin da kamfanin gwamnatin jiha mai mallakar Nürburgring ya durƙushe bayan an narka ɗaruruwan miliyoyin Yuro a ginin wuraren shaƙatawa da otal-otal da ba su mayar da kuɗinsu ba. Tsoron kada mai saye ya killace wurin ga attajirai ya sa majalisar jihar Rhineland-Palatinate ta kafa doka a 2013 da ta tabbatar da haƙƙin jama'a na amfani da shi, kafin a sayar da shi ga 'yan kasuwa a 2014. Dokar ta kare izinin shiga, kuma ta yi daidai, amma ɗaya rabin tarihin, wanda Jim Russell ya fara a Snetterton, har yanzu an bar shi ga ganin damar mai shiga da ƙarfin aljihunsa. Ya kamata masu tafiyar da fagage, a Eifel da sauran wurare, su haɗa malami a cikin kuɗin tikitin farko, ta yadda babu wanda zai tunkari Adenauer Forst karon farko shi kaɗai a cikin mota.